Kogon da mutane suka gina a lambun Buttes-Chaumont: ya cancanci tsoho ya je ya gani?

Tsohon Magini, unguwar Bagalam, Maraɗi

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni magini ne, na yi shekara talatin da ƴan kai ina aikin ƙasa da na siminti a cikin Maraɗi da garuruwan da ke kewaye da ita, kuma yanzu da ƙarfi ya fara ja baya sai dai in tsaya a kan yara ina nuna musu. Idan Allah ya yarda zan je birnin Paris bayan salla domin in duba ɗana da yake karatu a can, kuma kwana tara kawai zan yi. Da muke tsara wuraren da zai kai ni, sai ya ambaci wani lambun shaƙatawa mai suna Buttes-Chaumont, ya ce a cikinsa akwai wani babban kogo wanda ruwa yake faɗowa ta samansa, kuma wai mutane ne suka yi shi da hannunsu fiye da shekara ɗari da hamsin da suka wuce, har da duwatsun da suke reto daga rufinsa.

Tun ranar da ya gaya mini wannan magana take yi mini yawo a zuciya. Na san yadda ake ɗaura bakan gizo da azara, na san yadda ake rufe soro da daurin guga ya tsaya shekara da shekaru ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, amma ban taɓa jin an ce magini ya zauna ya kwaikwayi kogo ba. Mu a wurinmu gwanintar magini ita ce bango ya miƙe, kusurwa ta daidaita, shafe ya yi sumul. Wanda aka ce ya yi kogo kuwa, an ce masa ke nan ya ɓoye hannunsa har mai kallo ya ɗauka babu wanda ya taɓa wurin. Ina son wanda ya san wurin ya bayyana mini da me aka yi shi, kuma yaya aka yi ya tsaya har yau alhali ruwa yana dukansa dare da rana.

Sai kuma abin da ya fi damuna. Abokina da muke zama da shi bayan la'asar ya ce ɓata lokaci ne mutum ya ƙetare hamada da teku domin ya je ya kalli kogon ƙarya, tunda duk wanda ya je Zinder ya ga duwatsun Birni, ko ya bi ta Dogon Dutsi, ya ga abin da ya fi wannan, kuma na gaskiya. Maganarsa ta kama hankalina, shi ya sa nake neman shawara kafin in ba wurin yini guda daga cikin kwanakina tara. Yaron ya kuma ce akwai wani ɗan gini a kan dutse wanda suke kira haikali, ina son in san ko wurin bauta ne, domin idan haka ne ba zan kusance shi ba. Gwiwoyina ma ba su da ƙarfi kamar da, saboda haka a gaya mini gaskiyar hawa da gangaren wurin.

Ɗan Gulbi

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya. Na zauna shekara huɗu a gunduma ta 19 ta birnin Paris, inda wannan lambu yake, kuma na shiga kogon sau da yawa, saboda haka zan faɗa muku abin da idona ya gani.

Lambun yana arewa maso gabashin birnin, faɗinsa ya kusa hekta 25, kuma shiga kyauta ce. A tsakiyarsa akwai tafki, a cikin tafkin akwai tsibiri wanda dutse ne tsaye mai tsayin kimanin mita 30. Kogon yana gefen tafkin, a jikin gangaren da ke kudu, kuma mutum yana jin sa kafin ya gan shi, domin ƙarar ruwa ce take fara tarbarsa tun yana cikin itatuwa. Ranar da na fara zuwa ana zafi sosai, irin zafinsu na watan Yuli da yake hana su barci. Ina saka ƙafa a bakin kogon sai sanyi ya buge ni a fuska, da wani ƙamshi irin na cikin sabuwar randa da aka cika da ruwa tun dare. Sai da na tsaya kaɗan kafin idona ya saba da duhun. Da na ɗaga kai na ga rufin ya yi sama ƙwarai, domin tsayin kogon mita 20 ne, faɗinsa kuma mita 14, wato idan aka ɗora bene a kan bene har hawa shida za su shige ciki. Daga can sama akwai kafa wadda haske yake shigowa ta cikinta tare da ruwan, ruwan yana dukan duwatsu yana tarwatsewa, feshinsa yana sauka a kan riga kamar yayyafi, sannan ya taru a ƙasa ya zama ɗan rafi ya fita zuwa tafki.

Abin da ɗanku ya ce yana reto daga rufi gaskiya ne. Suna saukowa ne kamar jijiyoyin ceɗiya da suke sauka daga reshe, masu kauri daga sama suna sirancewa zuwa ƙasa, kuma mafi tsawo a cikinsu sun kai mita 8. A kogon halitta irin waɗannan suna samuwa ne daga ɗigar ruwa mai ɗauke da ma'adini, abin da yake ƙaruwa a shekara galibi bai kai milimita ɗaya ba, don haka sai an yi dubban shekaru. A nan kuwa siminti ne aka ɗora a kan ƙarfe. Daga nesa ba za ku gane ba, amma da na matsa na shafa bangon inda hannu yake kaiwa, na ji wani wuri dutse ne mai sanyi da laushin gari, wani wuri kuma shafe ne da aka yi wa zane-zane da tsaga da gangan domin ya saje da dutsen. Ni ba magini ba ne amma na ga mahaɗar a wurare biyu ko uku. Ku da kuka ƙare rayuwarku da cokalin gini a hannu za ku ga abin da ya ninka haka, kuma ina ganin wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa. Ku duba kuma shingayen da ke bakin hanyoyi da matakala, waɗanda suke kama da rassan itace da ɓawonsu da kullinsu: su ma siminti ne, hannu ya sassaƙa su tun yana ɗanye.

Game da haikalin, ku kwantar da hankalinku. Ɗan ƙaramin gini ne zagayayye, ginshiƙai ne da rufi a kan ƙololuwar tsibirin, babu gunki a ciki, babu mai yin ibada a wurin, kuma tun farko don ado da hangen gari aka gina shi. Daga nan ana hango tudun Montmartre. Abin da na gani ke nan, hukunci kuwa na malamai ne.

Amma akwai abin da ya wajaba in faɗa muku tun yanzu domin kada ku je ranku ya ɓaci. A zuwana na baya-bayan nan na tarar an gitta shingen ƙarfe a bakin kogon, an kuma hana hawa tsibirin, saboda hukumar birnin tana tsoron zaftarewar dutse. Daga bayan shingen ana iya leƙawa a ga wani sashe na rufin, amma ba daidai yake da tsayuwa a ciki ba. Ku sa ɗanku ya bincika halin da ake ciki kafin ranar. Idan har a rufe yake, akwai wani kogon na wannan zamani a dajin Vincennes, a kan tsibirin Reuilly da ke cikin tafkin Daumesnil, shi ma da ɗan gini mai ginshiƙai a samansa. Ƙarami ne sosai idan aka gwada da wancan, amma aikin hannun iri ɗaya ne, kuma ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce. Ana sauka a tashar Porte Dorée ta layi na 8.

Maganar gwiwa kuwa, ba zan ɓoye muku ba, Buttes-Chaumont shi ne lambun da ya fi kowane hawa da gangara a Paris. Idan kun bi jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 5 kuka sauka a Laumière, za ku ɗan taka zuwa babbar ƙofar da ke fuskantar ofishin magajin garin gundumar, daga nan kuma tafkin yana kusa, kuma hanyar da ta zagaye shi ba ta da hawa sosai. Tashoshin Botzaris da Buttes-Chaumont na layin 7 bis suna ajiye mutum ta sama ne, sai ya yi ta gangara. Akwai kujeru ko'ina a bakin hanya. Ku sa takalmi mai kama ƙasa, domin daɓen kusa da ruwan yana da santsi, ku kuma riƙe riga mai kauri ko da ana rana.

Malamar Tarihi, unguwar Zariya

Baba, barkanku da wannan niyya. Ina so in amsa maganar abokinku da ya kira wurin kogon ƙarya, domin a ganina rabin maganar ce kawai ya riƙe. Ramin kansa na gaske ne, kuma ya girmi lambun. Tudun nan wurin haƙar dutsen jibsi ne, wato farin dutsen da ake ƙonawa a niƙa a samu garin da ake shafe bango da yin adon rufin ɗaki. Abin da maginan Katsina da Kano suke kira POP, wanda yanzu ya cika gidajen Maraɗi, harafinsa na ƙarshe sunan Paris yake nufi, saboda yadda birnin ya shahara da wannan dutse. An daɗe ana haƙarsa a wannan tudu, ta sama da ta ƙarƙashin ƙasa, har wajen shekarar 1860, kuma kogon da ake magana bakin ɗaya daga cikin waɗannan ramuka ne. Sunan wurin ma daga kalmomin da suke nufin tudu mai sanƙo ya samo asali, domin ƙasarsa ba ta fitar da tsiro.

Kafin a yi lambun, yankin yana cikin wuraren da mutanen Paris suka fi ƙyama. A kusa da shi ne aka yi ƙarnuka ana rataye waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, a wurin da ake kira Montfaucon. Daga baya nan ne ake zubar da bahayar birni, nan ne ake feɗe matattun dawakai, warin yana bin iska har cikin gari. A 1860 aka haɗe garuruwan Belleville da La Villette da birnin Paris, gundumomin birnin suka tashi daga 12 zuwa 20, kuma mazauna wannan ɓangare mafi yawansu leburori ne da ma'aikatan masana'antu. Sarki Napoleon na Uku, wanda ya yi zaman gudun hijira a Landan ya ga lambunanta, yana son kowace kusurwa ta birninsa ta samu wurin shan iska: Boulogne a yamma, Vincennes a gabas, Montsouris a kudu, Buttes-Chaumont a arewa. Haussmann, wanda yake riƙe da mulkin birnin a lokacin, ya damƙa aikin ga injiniya Adolphe Alphand, tare da masanin shuke-shuke Barillet-Deschamps da mai zanen gini Gabriel Davioud, wanda shi ne ya yi ɗan haikalin nan yana kwaikwayon wani tsohon gini na Rumawa da ke Tivoli a Italiya.

An fara aiki a 1864. Ma'aikata kimanin dubu ɗaya ne suka yi shi, an fasa duwatsu da albarushi domin a fitar da siffar tsibirin da gangarensa, an kuma shimfiɗa layin dogo na musamman wanda ya kawo ƙasar noma mai yawan mita kubik 200,000, aka lulluɓe sanƙon da ita. An buɗe lambun ranar 1 ga Afrilu 1867, daidai da buɗe babban baje-kolin duniya da aka yi a Paris a wannan shekara. Gadar da aka rataye da igiyoyin ƙarfe zuwa tsibirin, mai tsawon fiye da mita 60, ana danganta ta ga Gustave Eiffel, tun shekaru ashirin kafin hasumiyar da ta ɗauki sunansa.

Ba na son in nuna muku kamar komai na wannan zamani alheri ne. Gyaran da Haussmann ya yi wa tsakiyar birnin ya rushe unguwannin talakawa da yawa, tsadar haya ta tura su gefe, zuwa irin waɗannan unguwanni, kuma shekara huɗu kacal bayan buɗe lambun, a watan Mayu 1871, an zubar da jini a cikinsa lokacin da sojojin gwamnati suka murƙushe tawayen mutanen birnin. Duk da haka, abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, an samu mutanen da suka tsaya a bakin ramin da kowa yake toshe hanci idan ya zo wucewa, suka ƙi cike shi, suka ce siffarsa ita ce dukiyarsa. Duk lokacin da na bi ta gefen wani kududdufi a Maraɗi, inda kakanninmu suka ɗebi ƙasar da aka gina gidajen da muke ciki, na ga ledoji da mushe da koren ruwa, wannan lambun nake tunawa. Ku je, Baba, ku gano mana da idon magini.

Ɗan Gulbi

Malama, Allah ya ƙara ilimi. Shekara huɗu ina zama a kan ciyawar wurin ban san abin da ke ƙarƙashina ba sai yau. Abin da zan ƙara shi ne, har yanzu unguwar ta masu ƙaramin ƙarfi ce da baƙi, kuma ranar Lahadi za ku ga iyalai ƴan Mali da Senegal da Aljeriya sun shimfiɗa zane a kan gangaren suna cin abinci. Baba ba zai ji shi bare ne a wurin ba. Amma idan kallon gini ake so a natse, safiyar ranar aiki ta fi.

Injiniyan Ruwa, Ali Ɗan Sofo

Gaisuwa ga Baba da sauran ƴan'uwa. Aikina rijiyoyin burtsatse ne da magudanan ruwa, kuma zan amsa tambayar da Baba ya fara yi, wato yadda abin ya tsaya, sannan in ɗan saɓa wa Malama a wuri guda, tare da girmamawa.

Masu aikin ba su gina kogon daga tushe kamar yadda ake gina soro ba. Sun tarar da rami a cikin dutse, suka faɗaɗa shi, suka toshe wuraren da suke da rauni da ginin dutse da kwaɓi, sannan suka bi fuskar da shafen siminti suna ba shi kamannin dutse. Abubuwan da suke reto kuwa, ƙashinsu ƙarfe ne da aka kafa a rufin, aka yi ta ɗora masa siminti a hankali har ya yi kauri. Wannan sana'a ce mai zaman kanta a Faransa ta wancan ƙarni, kuma ta zo daidai da lokacin da ake gano amfanin haɗa ƙarfe da siminti: a wannan shekara ta 1867 ne wani mai aikin lambu, Joseph Monier, ya yi rajistar dabararsa ta yin tukwanen shuka da ragar ƙarfe da siminti, dabarar da tana cikin tushen kankare mai rodi da Baba yake zubawa a yau. Ruwan ma ba marmaro ba ne. Daga magudanar ruwa ta Ourcq, wadda mutane suka haƙa, ake jawo shi, injuna su tura shi zuwa saman tudun, daga nan ya gangaro ta rafukan da aka shirya masa ya faɗa kogon. Idan aka kashe injin, ruwan ya tsaya.

To a nan matsalar take. Dutsen jibsi yana narkewa a ruwa, kimanin giram 2 a kowace lita. Adadin kamar ƙanƙane ne, amma idan ruwa ya samu tsaga a shafen siminti ya riƙa tsiyaya ta baya shekara ɗari da hamsin, sai ya cinye dutsen ya bar kogo a bayan kogo, shafen ya zama ɓawo da babu abin da yake riƙe da shi. Ƙarfen da ke cikin simintin kuma idan danshi ya kai gare shi sai ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura, ta fasa simintin daga ciki. Baba ya sha ganin haka a dakalin rufin da aka zuba da rodi kusa da fuska. Ga kuma tsofaffin ramukan haƙa da ke ƙarƙashin lambun. Shingen da Ɗan Gulbi ya tarar sakamakon wannan ne. Saboda haka amsar gaskiya ita ce, kogon ya tsaya ne domin ana ta kashe masa kuɗi ana gyara, kuma birni mai arziki irin Paris ma abin yana ba shi wahala.

Shi ya sa nake jin tsoro idan aka kawo misalinsa a kan kududdufanmu. Ruwan saman da muke samu a Maraɗi bai wuce wajen milimita 500 a shekara ba, kuma cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka, sauran watannin rana ce da iska suke shanye duk abin da ya kwanta. Gulbin Maraɗi kansa ba ya gudu duk shekara. Ruwan da za a riƙa turawa sama da inji domin a kalla yana faɗowa, a garin da mata suke layi a bakin famfo a watan Afrilu, ba zan iya kare shi a gaban kowa ba. Kududdufi kuma yana da aikin da yake yi, shi ne yake karɓar ruwan unguwa idan an yi mamako, kuma mutanen garin da ambaliyar 1945 ta tasa daga kwari zuwa kan tudu ba sa bukatar a tuna musu abin da ruwa yake yi idan ya rasa wurin zuwa. Inda na yarda da Malama ɗari bisa ɗari shi ne cewa cike ramin da shara a yanka filaye a kansa shi ne mafi munin zaɓi. Abin da ya dace da mu shi ne a kwashe sharar, a sassauta gangaren bakin domin kada ya rufta da yara, a ɗaure shi da marmara, a dasa bedi da maɗaci da tsamiya a kewaye, a bar ruwan damina ya zo ya tafi da kansa.

Baba, idan kun samu shiga, ku duba inda farin gishiri ya fito a jikin shafen da inda jan tsatsa ya zubo, domin nan ne ruwa yake bi ta baya.

Malamar Tarihi, unguwar Zariya

Injiniya, na karɓi gyaranka, kuma ban yi nufin a kawo inji a yi mana ruwa mai faɗowa ba. Abin da nake so mu ɗauka shi ne yadda suka dubi ramin kafin su yanke masa hukunci. Su ruwa da dutse suke da shi, suka yi aiki da su. Mu inuwa ce buƙatarmu, kuma manoman jihar nan da suka mayar da itatuwa gonakinsu ta hanyar sassaben zamani sun riga sun nuna cewa mun iya rayar da ƙasar da aka fid da rai da ita.

Tsohon Magini, unguwar Bagalam, Maraɗi

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya yi wa iyayenku rahama. Na sa an karanta wa abokina amsoshinku jiya bayan la'asar, ya yi shiru, sannan ya ce idan na dawo in kawo masa hoto. Na yanke shawara zan je, ko a buɗe yake ko a rufe. Idan a rufe yake zan tsaya a bakin shingen in kalli abin da ido zai iya kaiwa, in shafa waɗannan rassan siminti da ɗana Ɗan Gulbi ya ambata, washegari kuma yaron ya kai ni na Vincennes.

Maganar kududdufi da kuka tayar ta taɓa ni a inda ban zata ba. Akwai ɗaya a bayan gidanmu, kuma da hannuna na ɗebi ƙasa a cikinsa ina saurayi, ni da mahaifina, muka buga tubalin da aka gina ɗakuna da yawa a unguwar. A lokacin ruwansa yana da tsabta har ana wanki a bakinsa, akwai wata tsamiya a gefen gabas da muke ajiye gorar ruwa a gindinta. Yau an sare tsamiyar, bakin ramin ya zama juji, kuma shekarun baya a cikin damina yaron maƙwabcinmu ya zame a gangaren, da ƙyar aka ciro shi da rai. Tun daga ranar nake cewa a cike shi a huta, ban taɓa tunanin akwai wata hanya ba. Injiniya, idan na dawo ina roƙonka ka zo mu zagaya shi tare, ka nuna mini inda ruwan unguwa yake shigowa da inda ya kamata a fara ɗaurin marmara, domin ina da yara shida da suka koyi aiki a hannuna waɗanda ba za su ƙi ni ba idan na kira su, kuma zan yi wa mai unguwa magana kafin in tashi.

Na riga na saka ma'aunina na mita biyar a cikin jaka. Tambayar da ta rage mini ita ce, Ɗan Gulbi, masu gadin lambun suna barin mutum ya auna kaurin waɗannan shingaye ya ɗauki hotonsu daga kusa, ko sai an nemi izini tukuna?